Ciyawar da Yaya Ya Shimfiɗa wa Mai Taya

Har yau Mai Kafet ake kiran yayana, ko da yake rabonsa da ya shimfiɗa kafet a ɗakin wani an daɗe. Suna in ya kama bakin mutane ba ya saki. Ni ce ƙanwarsa da ke bi masa, ɗinkin labule nake yi, kuma bango ɗaya ne ya raba shagona da nasa. Saboda haka abin da ban gani da idona ba a rayuwarsa, na ji daga bakinsa, ko kuwa na ji ta bango.

Dogo ne, siriri, mai ɗan rankwafawa kamar kullum yana neman wani abu da ya faɗi a ƙasa. Ba shi da yawan magana. Tun muna yara in aka aike mu tare, ni ke yin bayani, shi yana riƙe da kaya. Mahaifiyarmu takan ce baki ɗaya aka ba ta ta raba mana, ni kuma na riga shi ɗauka duk da ya riga ni zuwa duniya.

Yana saurayi ya koyi aikin kafet da ledar ɗaki wurin wani dattijo a bakin kasuwa. Ban da riƙon wuƙa, abin da ya ɗauko daga dattijon shi ne in ya shiga ɗaki sai ya cire takalmi ya taka ko'ina da tafin ƙafa kafin ya fito da tef ɗin awo. Yakan ce ido yana yin kara, ƙafa ba ta yi. A shekarun da kasuwar ke ci, duk wanda ya gama gini mu biyu yake nema. Shi yana durƙushe a ƙasa da gam da wuƙa, ni ina bisa tsani ina rataya labule. Da wannan aikin ya yi aure, ya gina ɗakuna uku, ya sa 'ya'yansa a makaranta.

Sai tayil ya shigo. Matan gida suka ce kafet yana riƙe ƙura, yara suna zubar da abu ya kwana yana wari, ga wahalar shara. Gaskiyarsu ce, shi ma bai taɓa musu ba. Sannu a hankali shagon ya yi shiru. Naɗin kafet suka tsaya jingine da bango har bakinsu ya koɗe. Nakan ji shi ta bango yana wasa wuƙar da babu abin da za ta yanka. Matarsa ta ba shi shawara ya koma sayar da bokitai da robobi, ya gwada na ɗan lokaci, amma mutumin da ba ya iya kiran mai saye ina shi ina tireda?

Wanda ya fitar da shi abokinsa ne tun na ƙuruciya, wani magini gajere mai yawan dariya da kowa ke kira Birkila. Wata safiya ya faɗo shagon, siminti har gira.

"Tashi mu je, na samo maka kafet," in ji shi.

"Wane ɗaki?"

"Ɗakin da ba rufi."

Ashe wata makaranta ce ake yi wa ƙaramin filin ƙwallo da ciyawar roba, mutumin da kamfani ya turo kuma yana neman wanda hannunsa ya saba da wuƙa da gam. Yaya ya tafi yana ganin ai kafet ne kawai aka yi wa koren gashi. Da yamma ya dawo rana ta ƙona masa ƙeya, ya zauna a bakin shagona. Can ya ce, "A ɗaki magini ya riga ya yi miki ƙasa, naki shimfiɗa. A waje kuwa ke za ki yi ƙasarki, kuma ruwan sama ne zai zo ya duba aikin."

Ya bi mutumin kamfanin nan wurare da dama, da furfura a gemunsa yana ɗaukar gyara kamar ɗan koyo. Da ya ji hannunsa ya faɗa, suka haɗa kai da Birkila suka fara karɓar aikin gidaje. A lokacin ne masu hali suka fara sha'awar a yi musu ɗan fili a bayan gida, wani na ƙwallon ƙafa, wani a kafa masa kwando a jikin ƙarfe, wani kuma raga a tsakiya. Birkila ke haƙa, ya karkata ƙasar kaɗan yadda ruwa zai gangara magudana, ya zuba tsakuwa, ya bi ta da garin dutse, ya yi ta zagayawa da injin daɓe har wurin ya yi tauri. Sannan Yaya ya warware naɗin ciyawar ya bar ta ta sha rana ta miƙe, ya haɗa gaɓa da gaɓa da gam, ya yanka ya dasa farin layi, ya watsa yashi mai laushi, ya bi da buroshi har gashin ya tashi tsaye. In ya gama, sai ka durƙusa ka lalubo kafin ka gane inda ya yi haɗi.

'Yan layinmu suka sa masa manomin roba. Suka ce shi kaɗai ne manomin da ba ya roƙon ruwa. Akwai ranar da akuyar maƙwabta ta zo bakin shagon ta kai wa samfurin da ya shimfiɗa baki, ta tauna, ta tsaya, ta ɗago ta dube shi kamar wanda ya ci amanarta, ta juya ta tafi. Birkila ya shekara yana ba da labarin nan. Abin dariya na biyu, Yaya bai damu da ƙwallo ba ko kaɗan. In ana kallon wasa a shagon mai aski kowa na ihu, shi layin da ke ƙasa yake kallo yana cewa wanda ya ja wannan ya iya aikinsa.

Wannan sana'a ba a gama ta a rabu. Lokaci-lokaci yakan koma gidajen ya ƙara yashi, ya taje gashin da ya kwanta, ya duba gaɓoɓi. A nan ya fara gane cewa ciyawar ba ta ɓoye sirri. Gidan da yara ke da yawa, gaban raga ya kwanta ya yi sulɓi. Gidan da aka mayar da filin wurin shanya, sai ka tarar da maƙalen kaya a cikin yashi. Akwai kuma gidajen da zai tarar da ita kamar jiya ya shimfiɗa, ba sawu ko ɗaya sai busasshen ganye. Irin waɗannan ba sa yi masa daɗi. Yakan dawo ya ce mini, "Na je na share wa ƙadangaru fili."

Mai Taya yana cikin waɗanda suka fara kiransa. Babban dillalin tayoyin mota ne, ƙato, mai muryar da ba ta san ƙasa-ƙasa ba. In yana waya a falo, mai gadi a bakin ƙofa ya san nawa aka taya. Ni na yi labulen gidan, ta nan na saba da uwargidansa, mace mai sanyin hali, kuma ni na haɗa su da Yaya. Bayan gidan dogo ne ba faɗi, katanga ta kewaye shi, ga tankin ruwa a wata kusurwa, ga ɗakin janareta a ɗayar. 'Ya'yansa maza uku ne, samari, su ya ce a yi wa.

"Mai Kafet, ina so maƙwabta in sun leƙo ta bene su kasa cin abinci!" Haka ya faɗa ranar awo, yana dukan kafaɗar Yaya har ya yi taga-taga.

"In Allah Ya so, ranka ya daɗe."

"Kuma kore nake so, kore shar. Ba irin koren da ya yi rashin lafiya ba."

Duk tsawon aikin bai taɓa tambayar sunan Yaya na yanka ba. Amma ba mugu ba ne. Kullum sai ya sa an fito musu da abinci da ruwan sanyi, kuma ranar da aka gama shi ya fara buga ƙwallon, da babbar rigarsa, ta tsallake katanga ta faɗa kan kwanon maƙwabci. Ya yi dariya har yana riƙe ciki.

Shekaru suka ɗan ja. Samarin suka tafi karatu ɗaya bayan ɗaya, gidan kuma suka daina kira, Yaya ya ɗauka filin ya shiga sahun na ƙadangaru. Sai wata rana uwargidan ta kira ni.

"Ƙanwata, don Allah ki ce wa yayanki ya zo, ciyawar ta ɗaga a wani wuri. Amma ya zo shi kaɗai, kada ya taho da kowa."

Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Da mai gadi ya buɗe masa ƙaramar ƙofar baya, sai ya tsaya. Tsakiyar filin sabuwa fil, gashin a tsaye, raga ta yi ƙura. Amma a gefe, dab da katanga, akwai wata siririyar hanya da ta kwanta ta zagaye filin duka, kamar hanyar da ake bi zuwa rijiya. Ya cire takalmi ya bi ta. Sawun ba daidai yake ba. Ɓangare ɗaya taku ne, ɗayan kuma jan ƙafa ne, ya share yashin ya tara shi gefe. Kusa da wannan akwai ƙananan ramuka jere, irin na bakin sanda. A kusurwar tanki, inda farin layi ya haɗu da kore, gaɓar ta ɗaga kamar leɓe.

Uwargidan ta fito ta same shi durƙushe a wurin. Bayan sun gaisa ta ce, "A nan ya faɗi shekaranjiya."

Ta gaya masa ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kama maigidan a shago, tun bara. An yi jinya, ya tashi, amma hannun hagu da ƙafar sun ƙi, magana ma sai a hankali. Likita ya ce ya riƙa tafiya kullum. Shi kuwa ya rantse ba zai taka titi a gan shi yana jan ƙafa ba. Abokansa in sun zo a ce yana barci. Bayan gidan nan kaɗai yake fita, in ya tabbatar ba kowa a benen maƙwabta.

Yaya ya ce Allah Ya ba shi lafiya, ya buɗe jaka. Yana cikin kankare tsohon gam ya ji a jikinsa ana kallonsa. Labulen tagar ɗaki ya ɗan motsa. Bai ɗago ba, ya ci gaba da aikinsa. An jima sai ya ji ƙarar ƙofa, sai ƙwas ɗin sanda, sai jan ƙafa. Mutumin da ya tsaya a kansa ya rage rabi, riga ta yi masa yawa, gefen bakinsa ya ɗan zame.

"Mai Kafet," ya faɗa da ƙyar, "ciyawarka... ta kayar da ni."

"Na gani, ranka ya daɗe. Don masu gudu na yi ta. Yanzu sai in sake ta don mai tafiya."

Mai Taya ya dube shi yana neman tausayi a fuskarsa don ya samu abin yin fushi, bai samu ba. Yaya ya shafa ciyawar da tafin hannu, gaba sannan baya.

"Taɓa ka ji. Gashinta yana da inda ya kwanta, kamar na mage. Kai kuma ta wannan gefen kana tafe ne kana tsefe ta, shi ya sa take kama maka ƙafa. Gwada ka fara ta wajen janareta."

Mai Taya ya yi tsaki, amma ya juya. Ya yi taku kaɗan, ya tsaya, ya sake yi. Ya ci gaba da tafiya. Yaya ya ce daga baya a ranar bai ji godiya ba, amma ya ga kafaɗar mutumin ta ɗan sauka.

Gyaran da ya kamata ya ci yini ɗaya sai ya zama aikin mako. Ya yanke gefen filin duka ya cire farin layin da ke kan hanyar, ya sa ɗan soso mai laushi a ƙasa, ya shimfiɗa sabon ƙyalle dogo wanda gashinsa ya bi tafiyar, ya kai duk wata gaɓa can inda ƙafa ba ta zuwa. Ya kafa bututun ƙarfe a jikin katanga daidai ƙugu, don hannun da ke da lafiya. Wannan aikin Birkila ne, amma tunda an ce kada kowa ya zo, shi ya huda bangon da kansa, ya dawo da ƙuraje a tafin hannu. Ya kuma gaya wa uwargidan cewa roba tana ɗaukar zafi, in rana ta yi a yayyafa mata ruwa kafin maigidan ya fito.

Ranar da ya gama yana tattara kaya, Mai Taya ya ce, "Gobe... ba ka zuwa?"

"Aikin ya ƙare, ranka ya daɗe."

"Ka zo ka duba... ko ya ɗaga."

Gam ɗin Yaya ba ya ɗagawa a kwana ɗaya, su duka sun san haka. Amma ya je. Jibi ma ya je. Daga nan ya zama in sun tashi daga aiki da la'asar sai ya sauke Birkila ya wuce can. Yakan tsaya ta gefen hagun mutumin, ba ya riƙe shi, ba ya cewa sannu, tafiya kawai yake yi daidai da tasa. Ina jin abin da ya sa suka daidaita ke nan. Kowa a gidan in Mai Taya ya fara magana sai ya yi sauri ya ƙarasa masa don ya rage masa wahala. Yaya kuwa jira ba ya damunsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jiran gam ya sha iska, jiran kalma ba komai ba ne a wurinsa.

A wannan zagayen ya ji abubuwan da ko 'ya'yan gidan ba su sani ba. Ashe Mai Taya da faci ya fara, a bakin titi, da baho ɗaya na ruwa da famfon hannu. Ya ce a lokacin in ya yi ƙasa da murya direbobi ba sa ganinsa, shi ya sa ya koyi ihu, har ya manta yadda ake magana a hankali sai da ciwo ya tuna masa. Wata rana ya tambayi Yaya sunansa na yanka, ya maimaita shi sau da yawa har harshensa ya iya. Wata rana kuma ya zauna a kan tudun tanki ya yi kuka, ya ce a mafarki har yanzu gudu yake yi. Yaya ya zauna kusa da shi yana tsintar ganye daga cikin ciyawa har ya gama.

Akwai kuma ranar da ya sake faɗuwa, ba laifin ciyawa ba, ƙafar ce ta ƙi. A faɗuwar jikinsa ya ci amanarsa, irin yadda yake yi wa jarirai. Uwargidan ba ta nan. Yaya ya ɗaga shi, ya kai shi banɗaki, ya taimaka masa ya sauya kaya, ya dawo ya jawo tiyo ya wanke wurin. Da suka sake haɗa ido sai ya ce, "Yau da zafi, gara da na jiƙa ta." Wannan bai gaya mini ba sai bayan shekaru, kuma ko matar Yaya ba ta sani ba a lokacin.

Matar tasa dai ta fara ƙorafi. "Kai likita ne? Mutum ya dawo gida ko lomar tuwo ba ya iya ɗagawa don gajiya." Birkila kuma ya ce masa ya yi hankali, abotar mai kuɗi kamar inuwar gajimare ce. Yaya ya ce shi ba inuwa ya je nema ba.

Sauƙi ya zo a hankali. Da farko Mai Taya ya saki bututun. Daga baya ya fara ratsa tsakiyar filin. Wata yamma ya sa aka kawo tsohuwar ƙwallon yaran, ya tura ta da ƙafar da ta ƙi, ta gangara kamar taku biyar ta tsaya. Yaya ya mayar masa da ita, karo na farko a rayuwarsa da na ji ya taɓa ƙwallo. Uwargidan ta ce tana kicin ta ji muryar mijinta ta daki bango ta dawo, har ta saki ludayi. Ba a daɗe ba ya fita ƙofar gida da sandarsa, ya kai bakin titi. Bayan wasu watanni direba ya fara kai shi shago.

Daga nan abubuwa suka sauya. Yaya ya je wata la'asar mai gadi ya ce maigida bai dawo ba. Ya koma, aka ce yana da baƙi. Karo na uku ya hango motar a ciki, amma aka ce ya fita. Bai sake komawa ba. Kwana kaɗan bayan haka sai ga yaran shagon Mai Taya sun sauke sababbin tayoyi huɗu a ƙofar shagon Yaya, daidai na tsohuwar a-kori-kurarsa, suka ce in ji maigida, suka tafi.

Sau ɗaya suka sake haɗuwa. Yaya ya bi ta layin masu taya neman wani ƙarfe, sai ga Mai Taya zaune a gaban shagonsa cikin abokai, ya murmure, sandar jingine a bayan kujera inda ba a gani sosai.

"A'a, Mai Kafet!" ya ɗaga murya. "Wannan shi ya yi mini filin bayan gida. Ya iya aiki, duk mai so ya neme shi."

Ya miƙo hannu suka gaisa, amma idonsa na kan kafaɗar Yaya, bai yarda sun haɗa ido ba. Nan da nan ya juya ya ci gaba da hirarsa.

Ranar Yaya ya dawo ya zauna a bakin shagona kamar yadda ya saba in abu ya tsaya masa. Da ya ba ni labari raina ya ɓaci. Na ce butulci ne, na ce a mayar masa da tayoyinsa, na ce ni ma na daina yi musu labule. Na yi ta faɗa, shi yana juya wuƙarsa a hannu.

"Ba butulci ba ne," ya ce da na gaji. "Duk wanda ke zaune a wurin nan tsayuwarsa ya sani. Ni kaɗai na san faɗuwarsa. In ya kalle ni, ita yake gani."

"To shi ke nan, Yaya? Ba ka ji zafi ba?"

"Na ji mana. Ni dutse ne?" Ya ajiye wuƙar. "Na saba da la'asar ɗin nan. Yanzu in ta yi ban san inda zan sa kaina ba."

Ya ɗauki lokaci kafin ya warware. Matarsa, wadda ta fi kowa ƙorafi a da, ita ce ta lura, ta fara fito masa da kujera tsakar gida da yamma tana ba shi labarin unguwa ko ya amsa ko bai amsa ba. Tayoyin kuwa ya sa su a mota, ya ce taya ba ta yi masa laifin komai ba. Uwargidan takan kira ni jefi-jefi, kuma ba ta taɓa ajiye waya ba tare da ta ce in gaida yayana ba. Ban daina yi musu labule ba.

Yanzu shekaru sun fara hawa kansa. Birkila ya ɗauki ma'aikata, Yaya ya rage ɗaukar nauyi, amma yanka da haɗi har gobe ba ya bar wa kowa. Abin da ya ƙaru a aikinsa shi ne, duk gidan da ya je awo sai ya tambayi su wa ke zaune a gidan, akwai tsoho, akwai mara lafiya. Kuma ko me aka amsa masa, yakan bar hanya mai faɗin mutum biyu a bin katanga, ba layi, ba gaɓa, gashin ya kwanta gefe ɗaya.

Kwanan baya na bi shi wani sabon gida, ni zan auna tagogi shi zai auna bayan gida. Masu gidan yara ne, miji da mata, da 'yarsu da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Mijin ɗan ƙwallon kwando ne a makaranta, yana ta tsalle yana nuna inda yake so a kafa ƙarfen. Da ya ga Yaya ya ja igiya ya bar fili a gefe, sai ya tsaya.

"Baba, wannan wurin fa na mene ne? Ai ya rage mana filin."

"Na tafiya ne."

Matashin ya yi dariya. "Wa zai yi tafiya a nan? Mu ba tsoho a gidan nan."

"To, Allah Ya ja kwana," in ji Yaya.

Matar ta dubi mijinta, ta dubi Yaya, ta ce, "Amin, Baba. A bar shi yadda ka ja."

Yaya ya buga turken ƙarshe, ya ce wa Birkila a kawo tsakuwa da safe kafin rana ta yi zafi.